Motarka Na Shan Mai Fiye Da Ƙima? Ga Yadda Za Ka Gano Dalili

An shirya wannan ƙaramin littafi ne domin amfanin masu ƙananan motoci waɗanda suka kwana biyu a kan hanya, watau irin su Volkswagen Beetle da Golf, da Toyota Corolla da Starlet, da Nissan Micra, da makamantansu, ko na haya ne ko na shiga. A da, lokacin da mai ke da araha, mutum kan ji a jikinsa cewa motarsa ta fara shan mai, amma ya kau da kai. Tun daga ranar 29 ga watan Mayu, 2023, da Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, kau da kai ya zama asara. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya kuma ta ƙara tashi.

Shan mai a mota kamar zazzaɓi ne a jikin mutum. Alama ce mai nuna akwai abin da ya ɓaci, amma ba ta faɗin ko mene ne. Sau da yawa mai mota yakan je gareji ya ce motarsa na shan mai, kafin ya rufe baki an kwance kafireta, ko kuwa an ce sai an sauke inji. Ya kashe kuɗi masu yawa, ya koma gida, mota kuwa tana nan yadda take, domin ashe birki ne ke kamawa, ko iskar taya ce ta ragu. Saboda haka hanyar da za mu bi a wannan darasi ita ce a auna tukuna, sa'an nan a bi abubuwan da ake zargi ɗaya bayan ɗaya, a fara da wanda dubawarsa ba ta cin ko kwabo, a ƙare da wanda ya fi tsada.

AUNA TUKUNA

Allurar mai da ke gaban direba ba abin dogara ba ce a tsohuwar mota. A wadansu motoci takan daɗe a sama, sa'an nan ta faɗo gaba ɗaya daga rabi zuwa ƙasa. Haka kuma wanda ke cewa, "A da man naira kaza kan kai ni mako guda," ba shan man motarsa yake aunawa ba, farashi yake aunawa. Ma'auni na gaskiya guda ɗaya ne, watau kilomita nawa mota ke yi da lita guda.

Ga yadda ake yi. Ka je gidan mai ka cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, kada ka ce a ƙara. Ka rubuta lambar da ke kan mitar tafiya ta motarka. Ka ci gaba da harkokinka yadda ka saba har mai ya yi ƙasa sosai, sa'an nan ka koma wannan gidan mai ɗin, in da hali ma wannan famfon, ka sake cikawa. Litar da ta shiga a karo na biyu ita ce abin da motar ta sha. Misali, a ce mita na kan 84,200 ranar cikawa ta farko, ranar ta biyu kuma tana kan 84,560. Ka yi tafiyar kilomita 360 ke nan. In lita 40 ce ta shiga, sai ka raba 360 gida 40, ka sami 9. Motarka na yin kilomita 9 da kowace lita.

A nan akwai wani tarko da ke kama mutane da yawa. Motocin da aka shigo da su daga Amurka, da wadansu na Ingila, mitarsu mil take ƙidayawa, ba kilomita ba. Mil ɗaya kuwa kimanin kilomita 1.6 ne. Wannan tafiya ta kilomita 360 a irin wannan mita 225 za ta nuna. Wanda bai lura ba sai ya raba 225 gida 40, ya sami ƙasa da 6, hankalinsa ya tashi a kan motar da ba ta kai haka lalacewa ba. Har ila yau, wanda ya sa wa motarsa tayoyin da suka fi na asali girma, mitarsa za ta riƙa ƙidaya ƙasa da tafiyar da ya yi. In mita ta mutu ƙurmus, kamar yadda take a motocin haya da yawa, sai a yi amfani da hanyar da aka san nisanta, ko kuwa taswirar da ke cikin wayar hannu.

Awo ɗaya ba ya isa. Ka yi sau biyu ko uku, ka kuma raba na cikin gari da na doguwar tafiya, domin motar da ke rarrafe a cunkoson Legas ko na Kano dole ta sha fiye da wadda ke miƙe hanya. Abin da za ka gwada sakamakon da shi kuwa shi ne abin da littafin motar ya faɗa, ko abin da wata mai irin injinta kuma mai lafiya ke yi a gari ɗaya da kai. Kada a raina bambancin lita. Motar da ya kamata ta yi kilomita 12 amma take yin 9, in tana tafiyar kilomita 1,200 a wata, lita 133 za ta sha maimakon 100. A shekara hasarar ta kusa lita 400. Mai karatu ya buga wannan da farashin garinsu ya gani.

MAN DA BAI KAI GA INJI BA

Kafin a zargi inji, sai a tabbata man yana isa gare shi. Ka ajiye mota a kan busasshen wuri mai tsabta ta kwana, da safe ka duba ƙarƙashinta. Fetur yana saurin bushewa, saboda haka wani lokaci ba za ka ga jiƙa ba, sai tabo da wari. Ka bi tiyon mai daga tanki har zuwa inji, musamman inda roba ta haɗu da ƙarfe, domin zafi da shekaru kan sa roba ta tsattsage. Ka duba murfin tanki. Tsumma ko leda da wadansu ke cusawa a madadin murfi suna barin mai ya tafi cikin iska, kuma suna jawo gobara. In ka ji warin fetur a cikin mota, kada ka jinkirta. Masu Beetle su fi kowa kula da wannan, gama tiyon mai a injinta yana kusa da wuraren zafi da wayoyin wuta, kuma fashewarsa ta ƙone irin motocin nan ba adadi. Ba a neman yoyon mai da ashana ko fitilar kananzir, kuma ba a shan taba a wurin.

A motoci masu kafireta akwai wani yoyo da ba a gani daga waje. Famfon mai da ke manne da jikin inji yana da wata fatar roba a ciki, wadda in ta huje sai fetur ya riƙa zuba cikin baƙin mai. Ka zaro sandar auna baƙin mai. In ka ga ya ƙaru maimakon ya ragu, ya yi ruwa-ruwa, yana kuma warin fetur, to, ka sami ɓarawonka. A canja famfon da baƙin man tare, domin baƙin man da fetur ya tsinka ba ya kare inji.

Ba za mu ɓoye ba, akwai kuma ɓarawo mai ƙafa biyu. Motar da ke kwana a waje ba makulli a tanki, ko wadda hannuwa da yawa ke tuƙawa, sai an lura. Man 'yan bumburutu kuma ba a yin awo da shi, domin ba ka da tabbacin mudunsa, balle abin da aka gauraya a ciki.

ABUBUWAN DA KE RIƘE MOTA

Inji mai cikakkiyar lafiya ma zai sha mai in ana riƙe da motar ta baya. Na farko cikin masu riƙewa ita ce taya mai ƙarancin iska. Kowace mota tana da awon iskar da masu ƙera ta suka ƙayyade, kuma akan rubuta shi a jikin ginshiƙin ƙofar direba, ko a bayan murfin tanki, ko cikin littafin mota. Yawancin ƙananan motoci awonsu yana wajen 30 zuwa 32 a gejin masu faci, amma Beetle dabam take: da yake injinta a baya yake, tayoyin gaba suna ɗaukar iska ƙasa da na baya ƙwarai. Lambar da ke jikin taya ita kanta iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce, ba ita ake bi ba. A auna da safe kafin taya ta yi zafi. Mai faci ya buga taya da ƙarfe ya ce ta yi, wannan ba awo ba ne, sai an sa geji. Kada kuma a cika iska fiye da ƙa'ida da niyyar tsimin mai, domin tayar da ta yi tauri ba ta kama ƙasa sosai, kuma tsakiyarta kan cinye da wuri.

Na biyu shi ne birki mai kamawa, kuma a ganinmu shi ne aka fi mantawa da shi. Gwajinsa ba wuya. A hanya shimfiɗaɗɗiya wadda ba mutane, ka tafi a hankali, ka cire giya, ka bar mota ta gangara da kanta. Mai lafiya takan yi nisa kafin ta tsaya, kuma tsayawar a sannu take zuwa. In ta tsaya da wuri kamar an ja ta, akwai magana. Bayan tafiyar 'yan kilomitoci ba tare da yawan taka birki ba, ka sauka ka kusantar da bayan hannunka ga kowace ƙafa, ba tare da ka taɓa ƙarfen ba. Wadda ta fi sauran zafi, ko take warin ƙuna, ita ke kamawa. A ɗaga ta da jak a juya da hannu a tabbatar. Wayar hambirki da ta yi tsatsa bayan damina ita ce kan jawo wannan a ƙafafun baya.

Sai saitin ƙafafu. In gefe ɗaya na taya ya cinye ya bar ɗayan, ko mota na ja zuwa hagu ko dama in ka sassauta sitiyari, to, ƙafafun ba sa kallon wuri ɗaya, watau ana jan taya a ƙasa ne maimakon ta mirgina. Ramukan hanya kan ɓata saiti ko da jiya aka yi shi. Daga ƙarshe ka buɗe but ka ga abin da ke ciki. Tsohon batir, da jarkoki, da buhun da aka manta, duk mai ake ƙonawa a yi yawo da su. Kariyar da ke kan rufi kuma, in ba kaya za a ɗora ba, a sauke ta, gama tana tare iska.

SHAIDU BIYU: HAYAƘI DA FULOGI

In duk waɗannan lafiya suke, sai a juyo ga inji. Injin fetur yana bukatar iska da mai a kan wani ma'auni, watau kimanin kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai, bisa nauyi. In mai ya yi yawa a wannan gauraye, ragowar ba ta ƙonewa, sai ta fita ta salansa a banza. Shaidu biyu ke tona wannan.

Ka sa wani ya taka totur bayan inji ya yi zafi, kai kuwa ka tsaya a gefe ka dubi salansa. Baƙin hayaƙi mai warin ɗanyen fetur yana nufin mai ya yi yawa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa. Fari mai kauri wanda ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi kuwa ruwa ne ke shiga silinda. Ɗan tururin safiya lokacin hunturu ba kome ba ne. A yi wannan gwaji a fili, kada a yi shi cikin rufaffen gareji, domin hayaƙin mota na ɗauke da iskar guba marar wari wadda ke kashe mutum.

Sa'an nan a bar inji ya huce, a kwance fulogai, a jera su bisa tsarin silindarsu. Bakin fulogi mai lafiya launin ƙasa-ƙasa ne, a bushe. In duka sun yi baƙi da busasshen kunkunniya, laifin na wurin da ke raba mai ne gaba ɗaya. In ɗaya ne kawai ya yi baƙi ko ya jiƙe da fetur, to, laifin na wannan silindar ne: ko fulogin, ko wayarsa, ko abin da ke ba ta mai. Silinda guda da ba ta kama wuta a inji mai silinda huɗu tana zubar da rabonta na mai ba tare da ta yi aiki ba, kuma za ka ji inji na karkarwa. Wanda ya jiƙe da baƙin mai yana nuni ga ringi ko bawul. A sayi fulogin da lambarsa ta dace da injin, a kuma daidaita tazarar bakinsa yadda littafi ya ce.

MOTOCI MASU KAFIRETA

Motocin da aka fara harhaɗawa a ƙasar nan a 1975, watau Beetle a Legas da Peugeot 504 a Kaduna, da kafireta suka fito, haka kuma yawancin ƙananan motocin Japan na wancan zamani. A irinsu, abin da za a fara buɗewa shi ne matacin iska, wanda makanikai ke kira iya-kilina. In ƙura ta toshe shi, inji na jan iska da ƙyar, kafireta kuwa sai ta sako mai fiye da bukata. Lokacin hunturu, da kuma ga masu bin hanyar da ba kwalta, yakan toshe tun kafin lokacin sabis ya yi. Ka ɗaga shi ga hasken rana, in haske ba ya ratsawa, a canja. Wadansu kan cire shi su jefar, su ce mota ta sami numfashi. Ƙurar da zai tare ita za ta shiga ta cinye ringi.

Da matacin a cire, ka leƙa bakin kafireta. Akwai wani faifai a sama, shi ne cok, wanda aikinsa rage iska domin inji ya tashi da sanyin safiya. Bayan inji ya yi zafi lalle ne faifan ya tsaya a miƙe, hanya a buɗe sarai. Cok da ya maƙale rabi a rufe yana iya shanye mai fiye da kowane laifi da muka ambata, gyaransa kuwa sau da yawa bai wuce wankewa da saiti ba. Sai kuma ɗan tulun da ke iyo a cikin kafireta tare da allurarsa, masu tsayar da mai in ya cika. In allurar ta cinye ko tulun ya huje, mai kan yi ambaliya, ka ga jikin kafireta a jiƙe, mota kuma ta riƙa wuyar tashi in ta yi zafi. Muna gargaɗi game da al'adar zura waya ko allura cikin jet domin a share shi. Ramin jet an auna shi ne daidai, in ya faɗaɗa ko kaɗan ba ya komawa, kuma daga ranar motar ta zama mashayiya. Da iska da man wanki ake share shi.

Akwai karin maganar makanikai na ƙasashe da yawa cewa yawancin laifin da ake ɗora wa kafireta na wuta ne. Gaskiya ce. In taimin ya yi baya, watau wutar fulogi na zuwa a makare, mota kan rasa ƙarfi, ta yi zafi, direba kuma ya riƙa danna totur. Saboda haka a gyara kwantak da taimin kafin a taɓa sukurorin kafireta. A Beetle tazarar kwantak milimita 0.4 ce, ta bawul kuma 0.15, ana saita ta inji na sanyi. Da ma'auni ake yin wannan, ba da ido ko kunne ba.

MOTOCI MASU INJEKTA, DA MAGANAR TAMOSTAT

Daga farkon shekarun 1990 sababbin motoci a Turai da Amurka suka bar kafireta suka koma injekta, inda wata ƙaramar kwamfuta ke yanke yawan man da za a fesa. Kwamfutar ba ta gani, da rahoton 'yan aikenta take aiki, watau na'urorin da ake kira sansa. In ɗan aike ya kawo ƙarya, ita ma sai ta yanke hukunci a kan ƙarya. Abin lura: a irin waɗannan motoci toshewar matacin iska ba ta ƙara shan mai sosai, domin kwamfuta na rage mai daidai da iskar da ta shigo. Ƙarfin mota ne ke raguwa.

Babban abin da muke so mu tsaya a kansa shi ne tamostat. Wata 'yar ƙofa ce a hanyar ruwan inji, wadda ke rufe har sai ruwa ya yi zafin da ake so, galibi tsakanin digiri 80 da 90 a ma'aunin Salshiyas, sa'an nan ta buɗe ruwa ya tafi lagireto. Ya zama al'ada a garejinmu da yawa, da zarar mota ta shigo ƙasa, a cire tamostat, a kuma haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa tun daga tayar da inji. Hujjar ita ce wai an yi shi ne domin ƙasashen ƙanƙara. Wannan kuskure ne, kuma kuskure mai tsada. An ƙera inji ne ya yi aiki da zafinsa, ko a Jamus ko a Sakkwato. Fetur ba ya zama tururi sosai a inji mai sanyi, don haka kwamfuta kan ƙara mai har sai sansar ruwa ta gaya mata inji ya yi zafi. In an cire tamostat, inji kan daɗe bai kai wannan zafi ba, a doguwar hanya da dare ko da sanyin Jos ma yana iya ƙin kaiwa sam. Motar sai ta zama kamar mai kafireta da aka bar cok a ja. Ragowar man nan kuma tana wanke baƙin mai daga bangon silinda, inji ya tsufa da wuri.

Alamar a bayyane take. Allurar zafi ta mota mai lafiya takan hau zuwa wajen tsakiya cikin 'yan mintoci ta tsaya a nan. Wadda ke kwance a ƙasa kullum ba abin alfahari ba ce. In kuwa mota na zafi fiye da ƙima, a nemi dalilin: lagireton da ya toshe saboda ruwan rijiya, ko murfinsa, ko famfon ruwa, ko fanka, ko tamostat ɗin ne ya mutu a rufe. In shi ne, sabo ake sawa. Wannan magana ta shafi masu kafireta ma, in dai injinsu da ruwa yake sanyaya.

Sauran 'yan aiken da kan jawo shan mai su ne sansar zafin ruwa ita kanta, da mai auna iskar da ke shiga, da sansar oksijin da ke jikin bututun hayaƙi, wadda kan yi kasala in ta tsufa. A kula da ita musamman a motar da aka taɓa yanke salansarta domin cire matacin hayaƙi, wanda makanikai ke kira indomi, gama akan bar wayarta a tsinke. Matacin nan kuma in ya toshe yakan shaƙe mota. Injektar da ke ɗiga, da na'urar daidaita ƙarfin mai da robarta ta huje, su ma suna cikin lissafi.

Ba a canja waɗannan da ka. Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996, da masu fetur na Tarayyar Turai daga 2001, suna da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'urar bincike ta karanta abin da kwamfuta ta gani. Ka lura da fitilar gargaɗin inji: lalle ta kama in ka murɗa makulli, ta mutu bayan inji ya tashi. In ba ta kamawa ko kaɗan, wataƙila an cire ƙwanta ne domin a ɓoye laifi. Ka kuma sani, lambar da na'ura ta nuna tana faɗin inda ake kuka ne. Wani lokaci waya ce ta tsinke ko tiyo ya fashe, sansar kuwa lafiyarta lau.

KULOCI, GIYA DA ƘAFAR DIREBA

In ka taka totur a babbar giya, ƙarar inji ta tashi amma gudu bai ƙaru ba, kuloci na zamewa, ƙarfin da aka saya da mai yana ƙarewa a zafi. A mota mai canja giya da kanta, a tabbata tana kaiwa giyar ƙarshe. Wadansu suna da maɓalli a jikin sandar giya mai hana ta shiga giyar sama, kuma akan danna shi ba da sani ba a yi watanni a haka.

Direba ma yana da nasa kaso. Turjiyar iska kan ninka sau huɗu in gudu ya ninka sau biyu, shi ya sa ƙaramar mota da ake kora a kan 120 take shan mai ƙwarai fiye da mai tafiya a kan 80 ko 90. Dokar hanya ma ta tsayar wa motocin shiga kilomita 100 a awa a kan babbar hanya mai tagwaye, 80 a sauran manyan hanyoyi, 50 a cikin gari. Fizgar mota daga tsaye, da taka birki a ƙurarren lokaci, da barin inji na aiki ana hira a bakin hanya, da ɗumama shi minti goma sha biyar kowace safiya, duk mai ne. Minti ɗaya ya isa, sa'an nan a tafi a hankali. Na'urar sanyaya ɗaki tana da nata rabo, musamman a ƙaramin inji cikin cunkoso.

Akwai tsimin da ba mu yarda da shi ba ko kaɗan, shi ne kashe inji a gangara. Da inji ya mutu, abin da ke taimakon birki ya daina aiki bayan taku ɗaya ko biyu, sitiyari mai taimakon inji ya yi nauyi, wani ma ya kulle in an murɗa makulli baya. Ɗan man da aka tsimta bai kai ran fasinja guda ba. Haka nan maganaɗisun da ake ɗaurawa a tiyon mai, da ƙwayoyin da ake jefawa a tanki wai su rage shan mai rabi, a bar kuɗin a aljihu.

SAUKE INJI

Sai an gama da duk abin da ya gabata ake maganar cikin inji, kuma ko a nan akwai awo. Makanike ya sa gejin matsi a ramin kowane fulogi, ya rubuta abin da kowace silinda ta nuna, a gabanka. In lambobin sun yi kusa da juna, kuma ba su faɗi ƙasa da abin da littafi ya ƙayyade ba, babu dalilin sauke inji saboda shan fetur. In ɗaya ta faɗi ƙwarai, a ɗiga ɗan baƙin mai a cikinta a sake aunawa. Matsi ya tashi, ringi ne. Bai tashi ba, a dubi bawul ko gaskit.

Kowane gyara aka yi, a yi shi shi kaɗai, sa'an nan a sake cika tanki a auna kamar yadda aka bayyana a farko. Wanda ya canja abu biyar rana ɗaya ba zai san wanne ne ya yi magani ba, kuma ya biya kuɗin huɗu a banza. Ka nemi a ba ka tsofaffin kayan da aka cire. Ka ajiye ɗan littafi a aljihun mota, ka riƙa rubuta kwanan wata, da lambar mita, da litar da ka sha, da gyaran da aka yi, ka kuma tafi da shi duk ranar da za ka gareji.